Ɗaya Cikin Miliyan Huɗu

A ofishin rajistar haihuwa Tsaya-tukuna suke ce mata, don ba ta taɓa sa hannu a takarda ba sai ta faɗi haka. Da tafireta ta fara aiki shekara talatin da suka wuce. Kwamfuta kuwa da girmanta ta koya, gilashi a karan hanci, yatsu biyu suna caccakar madannai kamar kaza ta samu tsaba. An yi mata dariya har an gaji, yau ga shi ita ake tambaya.

Bana aka kwashe jadawalin haihuwa daga tsohuwar saba, wato na'urar ajiyar bayanai, zuwa sabuwa. Ranar Alhamis da azahar za a goge tsohuwar, abin da bai ƙetare ba ya tafi ke nan. Ita aka ba gwada jadawalan biyu, sai ta tarar sabuwar ta gaza da layi ɗaya tak.

"Haba Anti," in ji shugaban sashensu, "ɗaya cikin miliyan huɗu? Sa hannu mu huta."

"Tsaya tukuna, ranka ya daɗe. Ɗayan nan ɗan wani ne."

Ta raba jadawalin gida biyu, ta ƙirga kowane rabi nan da can. Wanda ya zo daidai ta ƙyale shi, wanda ya gaza ta sake rabawa. Shayinta ya huce, bayanta ya ƙage. Sha biyu saura ta kamo shi. Ashe tagwaye ne, uwa ɗaya, rana ɗaya, gida ɗaya, sai sabuwar na'ura da wayonta ta ɗauka maimaici ne, ta haɗiye ƙaramin.

Ta kira lambar da ke jikin layin don ta tabbatar. Wata mata ta ɗauka, ta saurara, sannan ta ce:

"Baiwar Allah, kada ki wahalar da kanki. Ƙaramin ya rasu bara."

Tausayi ya cika Tsaya-tukuna. Ta yi mata gaisuwa, hannunta kuma yana mayar da layin mazauninsa, kusa da na ɗan'uwansa.

"Wai har yanzu sunansa na nan wajenku?" matar ta tambaya a hankali.

"Yana nan, 'yar'uwa. Ga shi a gabana."

"Don Allah karanta mini. Na daɗe ban ji wani ya kira shi ba."

Ta gyara gilashinta, ta karanta mata shi cikakke, har da sunan mahaifi. Matar ta ce ta ƙara.