Agogon Isiyaku ya zo gidana

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina ɗaura igiyar takalmi ƙanin Isiyaku ya yi mini sallama, da wani abu naɗe cikin tawul. Ya ce, "Yaya, abokinka ya cika."

Kuma yau Juma'a. Har a nan ma shi ya dace.

Duk unguwar Agege, nan Legas, an san ina kishin Isiyaku, shi ma ya sani, dariya yake yi.

Shekarar da soja suka miƙa mulki, mu biyu muke zuwa shagon Baba Tanko, bayan layin dogo. Tsohon mai rediyon jirgin ruwa ne, yana koya mana yadda jirgi ke magana da tudu, da yadda ake kiran neman agaji. A bangonsa akwai agogon ɗakin rediyo mai jan zane a fuska. Al'adar teku ce, in dogon hannun ya shiga ja, kowane jirgi ya kama bakinsa na 'yan mintoci, ko akwai wani can nesa da ke nutsewa, muryarsa ba ta da ƙarfi. A lokacin an fara barin wannan, tauraron ɗan adam ya shigo. Baba ya ce shi dai a shagonsa ba a daina ba.

Na fi Isiyaku Turanci, na fi shi saurin hannu. Amma ni Aku ake ce mini, bakina ba ya hutu. Da aka ba Baba gurbin mutum ɗaya a makarantar horon ma'aikatan jirgi, Isiyaku ya tura. Ya ce mini, "Kai ka iya kira. Shi ya iya ji."

Da Baba ya rasu, agogon ma Isiyaku aka ba.

Shi ya saka farin kakin ma'aikatan jirgi, ni na buɗe shagon gyaran waya a Iyana Ipaja. In ya sauka ya kawo mini turare da dabino, in karɓa raina na suya. Ya riƙa turo mini abokan aikinsa da 'yan rediyonsu na oba-oba da suka lalace, yana ce musu, "Ku je wajen oga na, ya fi ni sanin cikin rediyo." Wannan ma haushi yake ba ni, don gaskiya ce.

Da matata ta rasu ina ta raha da masu gaisuwa, kowa na yaba haƙurina. Shi kaɗai ya ja ni gefe ya zauna tare da ni har na yi kukana.

Watan jiya na je duba shi, yana kwance ba lafiya. Ina ta zuba kan tsadar kuɗin motar danfo, sai ya ɗaga yatsa ya nuna bango. Hannun agogo ya shiga ja. Na yi shiru. A cikin shirun nan na ji yadda numfashinsa ke fita da ƙyar.

Ya ce, "Aku, da ka yi wannan shirun a shagon Baba, ai da ni ke gyaran waya."

Na ce, "To ba ni agogon mana, ka ci teku, ka ci agogo?"

Ya ce, "Abeg, bari in mutu tukuna."

Agogon nan ne ke cikin tawul ɗin. Ga shi nan kan tabarma yana ta tafiya. Tun ina saurayi nake son sa, yau ko kallonsa ba na iyawa.

Allah Ya jiƙan Isiyaku, Ya ji kiransa kamar yadda ya saurari na bayinSa, Ya haɗa shi da Baba Tanko a Aljanna. Wanda ya karanta, don Allah ya ɗan yi shiru, ya sa shi a addu'a.