Ranar da Kumandan Ya Duba Aiki

Har gobe ban manta da ranar da bunsuru ya fi ni muƙami ba. Lokacin ni ce shugabar mata a wurin renon itace na Garhanga. Aikinmu mu cika leda da ƙasa, mu sa iri, mu ba shi ruwa, in damina ta faɗi a dasa a fako.

Matsalarmu irin gawo. Ƙwayarsa tauri gare ta, ba ta son tsira. Wata bazara Mushe Sani, wato Malam Sani da Faransanci, ma'aikacin gandun daji da ke bisa kanmu, ya dawo daga birnin Tawa da sabon umurni. Ya ce masu bincike sun tabbatar irin da ya bi ta cikin akuya ya fi saurin tsira, don haka gwamnati ta ce haka za a riƙa yi. Ya kuma ce in Ferfe, babban jami'in mulkin yankinmu, ya zo bai iske tsiro ba, za a maida aikin wani gari.

Na ce, "Mushe, wato kashin awaki za mu tsinta?"

"Inna, kimiyya ce."

"To, Allah shi ba kimiyya lafiya."

Aka sayo jan bunsuru, muna ɗura masa 'ya'yan gawo, mata na biye da shi da ƙwarya. Kuma wallahi iri ya tsira, kore shar. Gari ya ɗauka. Aka sa masa suna Kumandan. Ya ci dawar mutum a shanya, ba mai ɗaga sanda, wai dabbar gwamnati ce.

Ranar zuwan Ferfe da hantsi na tafi ɗauko tabarmin baƙi. Ina dawowa na iske ƙofar wurin reno buɗe, Kumandan a tsakiyar ledoji yana kiwo, Baba Illo mai gadi kuma tsaye ƙam da hula a hannu.

"Illo! Mi kake kallo?"

"Hajo, ya zo duba aikinai ne. Ni wa, in kori ma'aikaci?"

"Da baki ake duba aiki?"

"Wasu ma da shi suke dubawa."

Na cire takalmi na bi Kumandan, na riƙe ƙahonsa, yana ja ina ja. A haka motar Ferfe ta same mu. Sulusin tsiron ya tafi.

Mushe Sani ya yi bayani. Ferfe ya zagaya sauran ledojin, ya dubi bunsurun da ganye a baki, ya ce, "Dabarar ta yi, aiki ya zauna nan. Amma daga yau ofishin wannan a waje yake." Ba a yi wata ba aka kawo waya aka kewaye kowane wurin reno na yankin.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku saurari masu bincike, gawon da kuke sha inuwa shaida ne. Amma sun auna cikin akuya ne, ba su auna halinta ba. In an ba wani muƙami, ku gaishe shi, ku kuma ja ƙofa.