Iskar da Kowa Ya Ji Ban da Yayana

Yayana bakanike ne, kuma a layin garejinsu ba mai kiransa da sunan yanka. Kunne ake ce masa. Tun yana saurayi, in an kawo mota sai ya ce kada a kashe ta, ya kafa bakin doguwar sukudireba a jikin inji, ya ɗora kunnensa a kan ƙotar, ya lumshe ido. Kafin mai mota ya gama bayani, ya riga ya faɗi ciwonta. Da wannan kunnen ya ci abinci, da shi ya yi suna.

Ni kuwa ina da tsohuwar motar da maigidana ya bari, Allah ya jiƙansa, irin na farkon nan da suka zo da injekta maimakon kafireta. Sai ta tsiro da hali. In tana silo, a kunne a tsaye, ta kama karkarwa kamar mai zazzaɓi, in na taka birki a danja ta mutu, na baya su cika ni da hon. Wa zan kai wa in ba Yaya ba?

Ya ɗora sukudirebarsa, ya daɗe, ya ce filtar mai ce ta toshe. Aka canza, ba ta daina ba. Ya ce famfon mai ne ya gaji. Aka sauke tanki aka wanke. Ya kwance injekta ya wanke su ɗaya bayan ɗaya, ya sa sababbin fulogi. Mota dai tana nan tana tari. A gida matarsa ta sha ce min sai ta ɗaga murya yake amsawa, na ce mata ai halin maza ne, abin da suka ga dama suke ji.

Ranar da na koma ɗaukarta, na tarar da shi a sunkuye cikin bonet, gumi ya jiƙa masa riga. Rewaya, mai gyaran wayoyin mota da ke maƙwabtaka da shi, da mai facin bakin titi suna zaune a benci, suna cin gyaɗa suna kallo.

"Baba Kunne, yau ma asibiti bai sallami mara lafiya ba?" in ji mai faci.

Yaya bai juyo ba. Rewaya ya ce, "Ƙyale likita, yana sauraro ne." Suka tafa.

Na matsa kusa. Ni da ban san komai a inji ba sai ga shi ina jin wani tsss, siriri, kamar an huda ƙwallo. Na dubi mutanen benci, suka sunkuyar da kai. Nan na gane. Sun ji, tun ranar farko sun ji, suka zuba ido dattijo yana kwance lafiyayyun kaya don su sami abin dariya. Mutumin da ya koya wa rewayan nan riƙe sifana! Wallahi kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa fuskata, kamar ni aka tuɓe wa ɗankwali a kasuwa.

Na sunkuya na ce a hankali, "Yaya, akwai iskar da ke shiga ta wani wuri."

"Na'am?"

Na sake faɗa. Ya ce, "Auta, buɗe baki ki yi magana mana, kin cika ƙunƙuni."

To ina zan sa kaina? Abin da ke son raɗa, ga shi raɗa ba ta isa gare shi, in na ɗaga murya kuma na tona masa asiri a gaban layi. Sai na kama hannunsa, baƙi ƙirin da mai, na bi sautin da shi har ƙarƙashin ƙaton tiyon da ke kai wa inji iska. Robar ta tsufa ta tsage ta ƙasa, inda ido ba ya gani. Tafinsa na rufe tsagar, motar ta daina karkarwa. Ya ɗaga, ta koma. Ya sake rufewa, ta nutsu.

Ya daɗe a haka bai ɗago ba. Sannan ya ce, "Iskar sata take sha, man ya yi mata kaɗan." Ya dube ni. "Tsagar tana ƙara, ko?"

Na gyaɗa kai.

"Har daga benci ana ji?"

Na juya kan mutanen benci na wanke su tas. Na ce tsufa riga ce, kowa da tasa a ɗinke tana jiransa. Rewaya ya fara, "Hajiya, wasa ne fa," na ce ya kai wasan gidan ubansa.

Yaya ya sa wani tiyon, ya ɗaure shi tam. Ya goge sukudirebar nan da tsumma, ya jefa ta can ƙasan akwati ya rufe. Maimakon ya miƙo min makulli ya koma aiki, sai ya zagaya ya zauna a kujerar gefe.

"Asibitin da ake duba kunne, kin san hanya?"

Na ce na sani. Muka bi ta gaban benci bai kalli kowa ba. Da muka tsaya a danja, na ga ya ɗora tafinsa a kan dashbod, yana jiran ya ji ko za ta mutu. Ba ta mutu ba.