Amanar da Ke Kantin Idrisa Maƙeri

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, huɗu ga Rajab 1445, Allah Ya karɓi ran aminina Alhaji Idrisa, maƙerin farfaru na unguwar Jurf a nan Madina. Aka sallace shi a Harami bayan la'asar, muka kai shi Baƙi'a. Na dawo gida kamar an sare mini hannun dama.

Idrisa, tun muna samari muka sauka ƙasar nan daga Sudan. Ni na kama ɗinki, kai ka riƙe sana'ar kakanninka, kantinka jikin nawa. Duk Bahaushen da ya gaji tsohon faranti ko butar shayi ƙirar Ingila, irin waɗanda iyayenmu suka tsallako teku da su, wurinka yake nufa. Ka juya gindin buta, ka duba hatimi, ka ce wannan azurfa ce zalla, wannan kuwa jan ƙarfe ne aka yi wa riga. Tsofaffin sulallan da kakanni suka ɗinke cikin ɗamara, kai ke mayar wa jikokinsu mata sarƙa. In marainiya ce za ta yi aure, ba ka karɓar ko sisi.

Faɗa kuwa, kana da shi. Ranar da wata baiwar Allah ta goge butar uwarta da toka har jan ƙarfen ya bayyana, unguwa duka ta ji muryarka. "Haram alaiki! Tukunyar tuwo ce?" Ta fita da hawaye. Kafin sati ya zagayo ka aika mata da butar tana ƙyalli, haɗe da dabino na ban-haƙuri.

Abu ɗaya na sha yi maka tsiya a kansa: ba ka rubuta sunan mai kaya. Ka ce kowace buta da lotsawarta, kowane faranti da tabonsa, da su kake gane masu su. Gaskiya ba ka taɓa ba wani kayan wani ba. Amma da na ce, "To ranar da ba ka fa?" dariya kawai ka yi.

Ga ranar ta zo. Bayan sadakar uku muka buɗe kantin da matarka Zenabu da ɗanka Hafizu. Kaya ne jere har rufi, wasu an gama, wasu ba a taɓa ba. Na tambayi Hafizu ko ya san masu su, ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi ma adri, ya ammi," wato bai sani ba. Zenabu ta ɗauki wani faranti ta rungume, ta dube ni ta ce, "Kai ne amininsa. Na wa ne? Kada a tsare mini shi a kabari saboda kayan mutane." Ni da na tsufa a gefenka, ni ma ban san mai shi ba. Can na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Don haka ina roƙon jama'a, daga Jurf har Khalidiyya har Badar, da waɗanda suka koma gida: duk wanda ya bar kaya wurin Idrisa ya zo, ko ya aiko, ya faɗi tabon kayansa ya karɓa. Wanda ba zai iya ba, ya yafe don Allah.

Ina miƙa ta'aziyya ga Zenabu da Hafizu da dangi baki ɗaya, Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Ya Allah Ka jiƙan Idrisa, Ka haskaka makwancinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka sheda bai ci amanar kowa ba, ajali ne ya riga shi mayarwa. Kada Ka kama shi da ita, amin.

Ɗan'inna Tela, Jurf, Madina