Daddawar Inna ta Ƙarshe

Ranar da Inna ta aiko min da daddawa cikin tsohon gwangwanin madara, ta kira ni ta ce in lallaɓa ta, don daga ita ba ƙari. Ciwon gaɓɓai ya ci hannuwanta, ba ta iya surfa kalwa, ba ta iya sauke tukunya. Dunƙule goma sha biyu na tarar a ciki. Na ce in na riƙa sa rabi duk mako, za ta kai ni wata shida.

Ni mai son abinci ce, ban taɓa jin kunyar faɗa ba, kuma Abuja ta wahalar da ni a wannan fannin. Na taɓa shiga wani gidan abinci bayan an tashi daga ofis, na ce tuwo miyar kuka. Aka kawo min tuwo naɗe a leda, ya yi sanyi ƙalau, ga cokali mai yatsu a gefe, miyar kuma sai ƙamshin kori take. Kori a miyar kuka! Mai kawo abincin har da tsayawa yana tambayata ko na ji daɗi. Tun daga nan na ware Asabar, in tuƙa tuwona a gidana na Gwarinpa, in kaɗa miyata da man shanu, in zauna a ƙasa in ci da hannu.

Ƙofata tana kallon ta wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filato, mace mai kirki, mai dariya da ƙarfi. Asabar ɗin farko da na buɗe gwangwanin nan, ta ƙwanƙwasa ta dawo min da bokitina. Ta same ni da loma a hannu. Na ce, "Bismillah," kamar yadda aka raine ni. A garinmu amsar a shirye take: mutum ya ce alhamdulillahi ya ƙoshi, ko da cikinsa na kuka, sai an matsa masa sau uku ya yi loma biyu ya tsame hannu. Ita kuwa ajiye bokitin ta yi ta tambaye ni ina ruwan wanke hannu.

"Hajiya, wannan miya ya yi daɗi! Akwai ƙari?"

Akwai, amma na dare ne. Ta cinye shi. Tana suɗe yatsu take gaya min cewa a gidansu in an ce ka ci ka ƙi, ka raina mai gida. Na yi yaƙe, raina kuwa yana tafasa.

Haka muka dinga yi. Na rufe tagogi, ƙamshin daddawa ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya je ya kira ta. Na mai da girkin Lahadi don tana coci, sai ga ta ƙarfe sha biyu da ɗaurin ɗankwalinta, ta ce wa'azin yau ya sa ta yunwa. Na yi mata miya da daddawar kasuwa, loma ɗaya ta yi ta ce, "Yau miyan ba shi da lafiya." Na gaya mata Inna ta daina yi, ko za ta gane inda na dosa. Ta ce, "Ayya, sannu," ta miƙo kwano. Ni kuma bakina ya ƙi daina cewa bismillah. Da na ga mutum a kaina sai ta fito da kanta.

Wata uku ba su cika ba ya rage dunƙule ɗaya. Na rantse wannan ni kaɗai zan ci. Na kulle ƙofa, na kashe waya, na girka kamar ɓarauniya. Ina sauke miya aka fara bugu.

"Hajiya! Na san kina nan, ina jin ƙamshi!"

Na yi tsit. A tsaye na ci a kicin, da zafinsa, ina sauri, ina kaffa-kaffa kada cokali ya taɓa tukunya ta ji. Na ƙone harshena. Miyar Inna ta ƙarshe ta wuce maƙogwarona ban ji ɗanɗanonta ba, kuma takaicin wannan ya fi na duk Asabar ɗin baya.

Da la'asar na buɗe ƙofa na kusa tuntuɓe da rabin buhun kalwa. Maƙwabciyata ta leƙo ta ce daga kasuwar Paikon Kore ta sa aka kawo mata. "Kin ce Mama ba ya iya yi. Ki kira ta koya mana, ni ina da ƙarfi."

Na kira Inna, na zayyane mata komai, har da kulle ƙofar, ina jiran ta tausaya min. Sai ji na yi ta ce:

"Ke, ƙofa kika rufe a kan abinci? Da daddawata?"

Na fara kame-kame. Ta ce, "Ba ta wayar."

Rabin awa suna magana, Inna tana gaya mata yadda ake dafa kalwa, da yadda ake rufe ta da ganye, da kwanakin da za ta yi kafin a buɗe. Shekara talatin da wani abu ina 'yarta, ba ta taɓa gaya min ba. Da suka gama, maƙwabciyata ta miƙo min wayata ta ce Mama ta ce in je in wanke babbar tukunya.