Kekunan ɗinki a cikin akwati

Shekarar da soja suka koma bariki, ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Gwammaja. Rediyo ta cika mana kunne: gwamnati za ta zuba kuɗi a makarantu, makarantu su yaye masu sana'a, arzikin ƙasa ya bunƙasa. Na ce mu gani a ƙasa, an ce da kare ana biki a gidansu.

Sai ga babbar mota cike da akwatunan katako, wai kekunan ɗinki ne. Aka jibge su a wani aji, aka garƙame. Kayan gwamnati ba a buɗe su sai babban mutum ya zo ya ƙaddamar.

Ina da wata ɗaliba a ajin ƙarshe, mai baiwar ɗinki. Mahaifinta mai sayar da yadi ne a Kasuwar Kurmi. Ya so ya cire ta, ta koma wurin goggonta, tsohuwar gwanar ɗinki wadda idonta ya fara rauni, ta kwashi sana'ar tun da sauran gani. Na taka har rumfarsa.

"Alhaji, ka bari ta gama. An kawo kekuna."

"Malama, kin gan su da idonki?"

"Na ga akwatunan."

Sai ya ce ya bar ta saboda ni.

Tun daga ranar ban sake yarda da kowa ba. Shugabar makaranta ta canza mota, na ce to. Matar maigadi ta fara karɓar ɗinki, na ce to. Nakan leƙa ta taga, raina na gaya mini duwatsu ne a cikin akwatunan. Babban mutum kuwa yau ya tafi taro, gobe ya tafi Umra. Damina ta zo ta wuce.

Bayan jarrabawa babban mutumin ya iso, da 'yan hoto. Aka fasa akwatunan. Ko allura ba ta ɓata ba, na yi ta zargin bayin Allah a banza. Amma rufin ajin yana yoyo, tsatsa ta cinye kekunan. Yarinyar ta kama ɗaya ta murza, ya ƙi motsi.

Kunya ta hana ni shiga Kurmi, sai mahaifin yarinyar ya tare ni a hanya. Na ce ko za a kai ta wurin goggon yanzu.

Ya ce, "Malama, ai yanzu ita ke jan hannun goggon zuwa banɗaki."