Aki Odang, Mai Muryar Majigi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 17 ga Oktoba, 2024, da hantsi, Allah ya karɓi ran Aki Odang Suganda, wanda duk gari ke kira Aki, wato kaka, a gidansa da ke bayan kasuwar kifi, bayan jinyar kwana tara. Ya rasu yana da shekara saba'in da huɗu. Ina cikin aji aka yi sanarwar ta lasifikar masallaci. Na ji sunan sarai, amma sai na ci gaba da kwafar abin da ke kan allo, har na cika shafi ban san me na rubuta ba.

Aki, ka san ban iya tsayawa gaban mutane in yi magana ba. Shi ya sa na rubuta wannan, don akwai abin da ya kamata in faɗa maka tun kana da rai, kunya ta hana ni.

Manya sun ce a ƙuruciyarka kana yawo da majigi a bayan babur, daga wannan biki zuwa wancan, ka kafa farin ƙyalle a filin ƙwallo. Ni ban ga wannan zamanin ba. Abin da na taso na tarar shi ne tsohon ɗakin ajiyar kwakwa da ke jikin gidanka, wanda ka toshe tagoginsa da buhuna, da benci shida, da tabarma a gaba. Kowace Lahadi bayan azahar kake buɗewa. Maƙwabciyarmu Bi Onah ta kawo soyayyar ayaba, matarka Nini Icih ta dafa shayi. Idan la'asar ta yi ka tsayar da fim, ko a ina aka kai, a je a yi salla a dawo.

Ba ka nuna finafinan faɗa ko na soyayya. Naka masu duhu ne, masu kama da mafarkin mai zazzaɓi. Akwai na wani gari da inuwoyi ke barin masu su a gida su tafi wurin aiki, har aka daina gaida mutanen, aka koma gaida inuwar. Akwai na telan da duk wanda ya sa rigar da ya ɗinka sai ya manta sunansa, amma layi bai taɓa yankewa a ƙofar shagonsa ba. Mang Engkos masunci kullum sai ya yi mita.

"Aki, yau ma irin wanda ba gaba ba baya ɗin ne? Mutum ya sha wuya a teku, ya zo hutawa, ka ƙara masa ciwon kai."

"Kai da kake fara minshari kafin a gama nuna sunaye, ina ka samu kan da zai yi ciwo?"

A yi dariya. Amma Mang Engkos bai taɓa fashi ba, kuma shi ne kan ɗauko zancen telan nan a bakin ruwa har bayan wata guda.

Idan fim ya ƙare ka cire buhu ɗaya daga taga, haske ya shigo. Ba ka taɓa tambayarmu ko mun gane ba. Cewa kake yi, "Me kuka gani?" Wanda ya ce akuya ya gani a bayan gida, ka gyaɗa kai kamar ya faɗi babban abu. Ka ce wanda aka tambaya ko ya gane tsoro yake ji, amma gani kowa ya gani.

Finafinan daga ƙasashe masu nisa suke, fassararsu a rubuce a ƙasan hoto, tana wucewa da sauri. Yawancin tsofaffinmu ba su yi karatu ba. Don haka kai ne muryar kowa: ka zauna kusa da na'urar, ka karanta, ka mayar da shi harshenmu na Sundanci da babbar murya. Ka yi muryar mace, ka yi ta ɗan sanda, har ta tsohuwa marar haƙora. Da yanar ido ta fara rufe maka gani sai aikin ya tsaya. Ina da shekara goma sha biyu a lokacin, na zo karɓar farantin Bi Onah, ka kira ni da Neng, yadda ake kiran 'yan mata a wurinmu.

"Neng Ihat, an ce duk ajinku ba mai saurin karatunki."

Na sunkuyar da kai, na ce ba zan iya magana cikin mutane ba.

"Wa ya ce ki yi magana? Raɗa za ki yi. Kunne ɗaya ne, kuma tsoho ne, ba ya kai gulma."

Haka muka fara. Ina zaune a damanka cikin duhu, in karanta in raɗa maka, kai ka faɗa. Ba wanda yake kallona. Ban taɓa jin daɗin zama cikin jama'a ba sai a nan.

Kowa a garin nan ya san halin da gidanmu yake ciki a lokacin. Mahaifina Sobari ya fita kamun kifi a lokacin iskar yamma, watannin da teku ke hauka, bai dawo ba. Bayan kwana huɗu aka tsinci katakon jirginsa, shi ba a gan shi ba. Liman ya zo har sau uku yana roƙon mahaifiyata, Ema, ta yarda a yi masa sallar gawa daga nesa, ta ƙi. Ta ce ba a yi wa mai rai salla. Shekara biyu kullum da safe tana haɗa masa baƙin kofi ta ajiye a inda yake zama. Da yamma ni nake zubarwa a gindin gwanda in wanke kofin, don kada ta gan shi a cike. Ba mai ambaton mutuwa a gidanmu. Ema ta rame, ta daina zuwa kasuwa, ni kuma ban san yadda ake ce wa uwa ta daina jira ba.

Wata Lahadi Bi Onah ta janyo ta zuwa ɗakin majigi, karo na farko. Ta zauna a benci na biyu. Fim ɗin ranar na wata mata ce a ƙasa mai sanyi. Kullum da yamma takalman mijinta sukan shigo gida su kaɗai, jiƙe da ruwa, ba kowa a cikinsu, su tsaya a bakin tebur. Matar ta zuba abinci, ta yi ta yi musu hira. 'Yarta kuma ta bi bayansu da tsumma tana goge ƙasa. Kusa da ƙarshe yarinyar ta buɗe baki. Rubutun ya fito: "Takalma ne kawai. Shi ba zai dawo ba."

Na kalli ƙeyar Ema. Sai na raɗa maka, "Ta ce a ƙara haƙuri, yana hanya."

Ba ka faɗa ba. Ka miƙa hannu ka tsayar da fim, kalmomin suka tsaya a kan ƙyallen. Ka yi tari, ka ce wa jama'a maƙogwaronka ya bushe, Neng Ihat za ta faɗi wannan. Sannan ka karkato, ka ce da ni a hankali, "Duk wanda kika zaɓa, ba zan tona ki ba."

Mang Engkos ya ce, "To, yau za mu ji ko tana da murya." Bi Onah ta ce masa ya rufe bakinsa.

Ema ba ta iya karatu ba, da na yi ƙarya ba za ta sani ba. Amma na gaji da wanke kofin nan. Na faɗi abin da aka rubuta, yadda aka rubuta shi, muryata kamar ba tawa ba.

Ema ba ta tashi ba, ba ta yi kuka ba. Ta kalla har ƙarshe. Da ka cire buhun ka yi tambayarka, sai Ema ta ce, "Yarinyar na gani. Kullum tana goge ruwan, uwar ba ta taɓa dubanta ba."

Ranar Juma'ar makon da kanta ta je wajen liman. Aka yi wa mahaifina salla, aka yi sadaka, ta yi kukan da ta riƙe shekara biyu. Yanzu ta koma sayar da busasshen kifi.

Ni kuwa fushi na yi da kai, Aki. Gani nake ka tura ni cikin ruwa ban iya iyo ba. Lahadi biyar ban je ba, ko a hanya na hango ka sai in sauya lungu. Ranar da na koma matsawa kawai ka yi, ka karkato min da kunne. Har ka kwanta jinya ba mu taɓa tada zancen ba.

Sai ranar sadakar uku Nini Icih ta gaya min sauran. Ta ce ka haddace fim ɗin nan tun idonka na gani, kuma kai ka roƙi Bi Onah ta kawo Ema. Sau uku kana ɗauko shi kana mayarwa. Ranar da ka nuna shi ka kasa cin abinci, ka ce mata, "Icih, ko na gyara ko na ɓata. In na ɓata wa marainiyar nan, da wane ido zan tsaya gaban Allah?" Ashe kai ma tsoro kake ji. Ba ka ɓata ba, Aki. Na gode. Ka yafe min Lahadi biyar ɗin nan.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Nini Icih, da ɗanka Mang Tatang, da 'yarka Ceu Imas, da jikokinka, da duk waɗanda suka zauna a bencin nan shida. Allah ya ba ku haƙuri, ya ba mu.

Allah ya jiƙanka, Aki Odang. Ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya cika shi da haske, ya mayar maka da ganinka fiye da na ƙuruciya. Ya sa aljanna ce makomarka, kai da marigayi Sobari, mahaifina. Yau ne na fara rubuta wannan kalma a gaban sunansa, kuma Ema tana zaune kusa da ni, na karanta mata, ta ce amin.

Ihat Solihat
Aji biyu, ƙaramar sakandare